Waiwaye: Yadda tsofaffin fina-finan 'yan luwaɗi suka shiga gidajen baje kolin fasaha a Amurka

Tun a 1936 wani Ba'amurke mai suna Joseph Cornell ya yayyanka wani fim na Hollywood, ya sake harhaɗa guntayen, ya fito da sabon abu. Daga nan masu fasahar hoto suka gane cewa tsohon fim ma kayan aiki ne, kamar yadda tela ke haɗa riga da ƙyallaye.

Su kuwa fina-finan batsa na 'yan luwaɗi, a ɓoye suka taso, domin doka ta hana aika irin wannan kaya ta gidan waya. Shi ya sa Bob Mizer, wanda ya buɗe kamfaninsa a Los Angeles a 1945, ya riƙa fakewa da hotunan 'yan wasan motsa jiki. Sai a farkon shekarun 1970 aka fara haska waɗannan fina-finai a gidajen sinima. Ba a jima ba cutar ƙanjamau ta ɓulla a 1981, ta kwashe 'yan wasan da yawa, kaset ɗin bidiyo kuma ya durƙusar da sinimomin.

Wannan tarkace William E. Jones, wani mai shirya fina-finai ɗan jihar Ohio, ya shiga tonawa. A aikinsa na 2006 mai suna v.o., ya cire wuraren batsar gaba ɗaya, ya bar abin da masu kallo a da ke gaggawar wucewa: mutum na tafiya a titi, wani na jira a bakin ƙofa. Ya ɗora musu sautin wasu fina-finai na ƙasashen waje. A ganina, ba tsiraici yake nema ba, garuruwa da fuskokin da suka shuɗe yake bi.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Tearoom. Ba fim ɗin sinima ba ne ma. A 1962 'yan sandan garin Mansfield da ke jihar Ohio suka laɓe a ban ɗakin jama'a, bayan wani madubi da na bayansa ke iya ganin mutane ta cikinsa, suka ɗauki fim ɗin mazan da ke saduwa da juna a can, aka kuma ɗaure da dama daga cikinsu. Jones ya samo faifan, kusan bai taɓa shi ba, ya nuna shi ba sauti a gidan tarihi na Whitney da ke New York a 2008. Duk wanda ya shiga ɗakin, daga inda ɗan sandan ya laɓe yake kallo.