Don ya tashi ya karkaɗe rigarsa ba shi ne ya tsira ba

Jama'a assalamu alaikum. Maganar buguwar kai nake so mu yi yau, musamman ta faɗuwar mashin, don a wajen aikinmu a asibiti abin da ya fi ci mana rai shi ne lattin kawo mutum. Ka tambayi 'yan uwa yaushe abin ya faru su ce tun jiya da la'asar, to me ya sa sai yanzu? Sai su ce ai da ƙafarsa ya tashi, shi ma ya ɗaga mashin ɗin, ya yi magariba ya ci tuwo, cikin dare ne muka ji yana wani irin minshari muka yi ta tashinsa ya ƙi tashi.

Wallahi wannan tashin shi yake yaudarar mu. Gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin wurin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, jini zai yi ta taruwa a ciki ko ɗigo ba ka gani a waje, shi kuwa ƙoƙon kai ba ya buɗewa, jinin ba shi da wurin zuwa sai ya riƙa danne ƙwaƙwalwa a hankali a hankali. Mutum zai iya yin awanni yana hira har da dariya kafin ya zube. A 2009 haka ta faru da wata fitacciyar 'yar fim ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi tana koyon zamiya kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi ta ce lafiyarta ƙalau ba ta buƙatar likita, bayan kwana biyu ta rasu. Abin takaicin, irin wannan jinin in aka cire shi da wuri yawanci mutum warkewa yake sarai.

Don haka duk wanda kansa ya bugu da ƙarfi, ko yaro ne ya faɗo daga bishiyar mangwaro, kar a bar shi shi kaɗai kwana ɗaya cur. In ya suma ko da na minti ɗaya ne, ko yana ta amai, ko ciwon kan sai ƙaruwa yake, ko yana maimaita tambaya ɗaya bai san ya yi ta ba, ko barci yana ta fizgarsa, ko jijjiga, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun saki, ko jini ko wani farin ruwa yana fitowa ta kunne ko hanci, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, dan Allah ba kemis ba, ba gidan mai ɗori ba, babban asibiti kai tsaye.

In kun zo za ku ga muna kiran sunansa, muna ce masa buɗe ido, matse hannuna, yau wace rana, wani lokacin har mu matse masa farce, wasu 'yan uwan har haushi suke ji. Awo ne muke yi don mu ga yadda hankalinsa yake. Likitoci biyu a birnin Gilasgo na Birtaniya, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fito da shi a 1974, maki ne daga 3 zuwa 15, wanda ya samu 8 ko ƙasa da haka raunin mai tsanani ne. Maimaitawa muke yi, in makin yana sauka mun san wani abu na faruwa a ciki. Sannan hoton eksire ƙashi kawai yake nunawa, jinin cikin kai sai siti sikan, wato hoton na'urar da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa. Na san da tsada, na san ba kowane gari ke da na'urar ba, amma in likita ya ce a yi, ku taimaka a haɗa kuɗin a ranar, kar a ce sai an yi shawara gobe.

Bincike ma ya nuna lokaci shi ne komai. Wani babban gwaji mai suna CRASH-3 da aka fitar da sakamakonsa a 2019, mutum sama da 12,000 a ƙasashe 29, ya gano allurar tiraneksamik asid, mai rage zubar jini kuma mai araha, tana rage mutuwa ga waɗanda rauninsu bai kai mai tsanani ba, in an yi ta cikin awa 3 na farko, kuma gwargwadon saurin yin ta gwargwadon amfaninta. Kun ga wanda aka kawo washegari ya riga ya rasa wannan damar. Kafin shi kuma, a 2004, gwajin CRASH na farko kan mutum wajen 10,000 ya nuna allurar sitiroid da aka shafe shekaru ana yi wai don kumburin ƙwaƙwalwa ƙara mutuwa take yi, shi ya sa aka daina. To kar wani ya ce zai yi wa mai raunin allurar deksa a gida, ita ma sitiroid ce. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak ma a ajiye, suna iya ƙara zubar jinin, farasitamol ya isa.

A wurin hatsari kuma kar a ciccibe shi kai yana lilo, wuyan ma zai iya zama a karye, mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya a miƙe. Kar a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara a baki, huhu zai tafi. In yana amai a juya shi gefe gaba ɗayan jikinsa tare.

Tsofaffinmu nasu daban ne, wannan yana damuna sosai. Baba zai zame a banɗaki kansa ya ɗan taɓa bango, kowa ya manta, bayan sati uku ko wata biyu ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana fitsari a zaune, sai a ce tsufa ne ko an yi masa sammu. Sau da yawa tsohon jini ne ya kwanta a kan ƙwaƙwalwa, ɗan rami likita zai huda a ƙashi ya tsiyaye shi, Baba ya dawo yana gane jikokinsa. In kun kai shi ku tuna ku faɗi maganar faɗuwar, da kuma in yana shan maganin tsinka jini.

Wanda aka sallama ma ku yi haƙuri da shi. Mantuwa, saurin fushi, rashin barci, wani har farfaɗiya bayan watanni, duk raunin ne, ba iskanci ba ne ba kuma aljanu ba, akwai magani, a mayar da shi asibiti.

'Yan acaɓa, ƙannena, hular kwano. Nazarin da aka tattara a 2008 ya nuna tana rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, mutuwa kuma da kusan kashi 42. Amma ba wadda aka rataya a kan mashin ba, ba kuma hular leburori ta roba ba. A ɗaure igiyar a haɓa, wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a canja ta ko da ba a ga tsagewa ba.