Gambit ba caca ba ce

Tun da aka shiga kakar sauya sheƙa, duk mai sharhin da ya hau rediyo sai ya jefo "gambit". Gwamna ya bar jam'iyya, gambit. Sanata ya zagi ubangidansa, gambit. In ka kasa kunne, caca suke nufi, a rufe ido a yi kasada. Wannan kuwa yana ci mini rai.

Kalmar ta darar Turawa ce, wato ces. Tushenta gambetto na Italiyanci, taɗiyar da ɗan kokawa ke yi wa abokin karawarsa. A kan allo, gambit shi ne ka miƙa ƙaramin soja tun buɗin wasa, da saninka, domin manyan 'ya'yanka su riga na abokin wasa fitowa fili. Ka san abin da ka bayar, ka san abin da kake saye.

Dubi wasan gwanayen ces biyu, Boris Spassky da Bobby Fischer, a Mar del Plata ta Ajantina, 1960. Spassky ne da farare. Ya tura sojan gaban sarki zuwa e4 (da harafi da lamba ake kiran gidajen allon), Fischer ya tare shi da e5, sai Spassky ya ajiye wani sojan a f4, a bakin na Fischer. Wannan ne gambit na sarki. Fischer, yana ɗan shekara 17, ya ci sojan, ya kawo wani sojansa g5 don ya tsare ribarsa. Har ya fi ƙarfi a tsakiyar wasa, amma allon ya riga ya rikice yadda Spassky ke so. Fischer ya yi tuntuɓe, ya sallama a motsi na 29. Abin ya tsaya masa a rai, har ya zauna ya warware buɗin zare-zare, a 1961 ya buga maƙala cewa maganinsa tura soja zuwa d6 a motsi na uku. Wa ya taɓa rubuta wa caca magani?

Shi ya sa nake ganin girman kalmar, nake kuma ƙyashin a ba ta ɗan siyasar da bai rasa ko kujera ɗaya ba.

Masu cewa gambit na sarauniya sadaukar da sarauniya ne, su ma sun kauce. Soja ne na c4, a ɓangarenta, kuma galibi mai farare yana maido da abinsa ba da jimawa ba.