Matsalar Gadoji Bakwai ta Königsberg

Matsalar gadoji bakwai ta Königsberg tsohuwar tambaya ce a fannin lissafi, kuma tana cikin fitattun misalan yadda ake ɗauko matsala daga titi a mayar da ita zane mai sauƙin warwarewa. Königsberg birni ne na Prussia, wata daular Jamusawa, a ƙarni na 18. Yau sunansa Kaliningrad, yana ƙarƙashin Rasha. Kogin Pregel ya raba shi yanki huɗu, tsibirai biyu da gaɓar kogi biyu, gadoji bakwai suka haɗa su. Tambayar ita ce: mutum zai iya zaga garin ya haye kowace gada sau ɗaya tak, bai bar ko ɗaya ba, bai kuma maimaita ba?

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Siwizalan da ke aiki a cibiyar kimiyya ta St. Petersburg, shi ya gabatar da amsa a 1735, aka buga ta a 1741. Gwanintarsa tana cikin abin da ya ajiye gefe. Tsawon gada, faɗin tsibiri, lanƙwasar tituna, duk bai waiwaye su ba. Ya ba kowane yanki harafi, A zuwa D, ya ƙirga gadojin da suka taɓa shi kawai.

Hujjar a fili take. Duk yankin da matafiyi ya shiga ta wata gada, dole ya fita ta wata daban, don haka sai gadojinsa sun tafi bibbiyu. Wurin farawa da wurin ƙarewa ne kaɗai aka ɗauke wa wannan sharaɗi. To a Königsberg, tsibirin Kneiphof na da gadoji 5, sauran yankunan uku-uku. Huɗun duka ba mai rabuwa biyu daidai, saboda haka tafiyar ba za ta yiwu ba, ko ta ina aka fara.

Daga baya masana suka riƙa zana yanki da ɗigo, gada da layi, har wannan ya zama reshen lissafi mai zaman kansa. A 1873 aka buga hujjar Carl Hierholzer, masanin lissafi ɗan Jamus, cewa in sharaɗin Euler ya cika, lallai akwai hanyar. Da irin wannan zane ake tsara zagayen motocin kwashe shara da masu raba wasiƙu, don a bi kowane titi ba tare da yawan maimaici ba.