Ƙididdigar Hulɗar Atam-atam na Ƙarafan Alkali a Matsanancin Sanyi

Ƙarafan alkali su ne litiyam, sodiyam, fotasiyam, rubidiyam, siziyam da faransiyam, kuma kowane atam nasu yana da elektiron guda ɗaya tak a zagayensa na waje. Wannan sauƙin tsari ya sa masana suka fi zaɓarsu wajen sanyaya iskar atam da hasken leza har ta kusan kai sifili na ma'aunin Kelbin, wato digiri 273.15 ƙasa da daskarewar ruwa. Sanyin hunturun da ke hana mutanen Bauchi fitowa da asuba yana sama da Kelbin 280, alhali a 1995 Eric Cornell da Carl Wieman sun kai rubidiyam kusan nanokelbin 170 (nanokelbin ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na Kelbin ɗaya) a Kolorado ta Amurka.

Tushen ƙididdigar yadda atam biyu ke hulɗa da juna shi ne dabarar Born da Oppenheimer ta 1927: tun da cibiyar atam ta fi elektiron nauyi nesa ba kusa ba, sai a ɗauka cibiyoyin atam biyun a tsaye suke, a lissafa kuzarin elektiron a kowace tazara tsakaninsu, a zana lanƙwasa mai nuna yadda kuzarin ke sauyawa da tazarar. Idan sun matsu sosai sukan ture juna, a tsaka-tsaki akwai rami a lanƙwasar inda suke haɗuwa su zama molekul, daga nesa kuma akwai jan da Fritz London ya bayyana a 1930, wanda kuzarinsa ke raguwa gwargwadon tazarar idan an ninka ta da kanta sau shida. Lanƙwasar ma biyu ce: mai zurfi idan juyin elektiron biyun na waje, wato alkiblar ɗan maganaɗisun da kowannensu ke ɗauke da shi, ya saɓa, marar zurfi idan ya dace.

Wahalar tana nan. A irin wannan sanyi atam suna tafiya a hankali ƙwarai, har lamba ɗaya, tsawon warwatsuwa, wadda ke nuna ko atam biyun na ture juna ne ko na jan juna, ta kusan wadatar wajen bayyana karonsu, amma ƙaramin kuskure a zurfin ramin yana iya juya ta daga turi zuwa ja. Rubidiyam 87 da rubidiyam 85 lanƙwasarsu kusan ɗaya ce, bambancin nauyi kaɗai ya sa na farko ke turi, na biyu ke ja. Don haka lissafin kwamfuta shi kaɗai ba ya isa. Dole a daidaita shi da ma'aunin hasken da molekul ke sha, da kuma wuraren da ƙarfin maganaɗisu ke haɗa atam biyu, abin da ake danganta wa Herman Feshbach. A ganin mai wannan rubutu, nan ne darajar fannin take.

Da irin wannan lissafi ƙungiyar Deborah Jin da Jun Ye ta haɗa molekul na fotasiyam da rubidiyam a matakin kuzari mafi ƙasa a 2008. Kayan gwajin suna da tsada, amma abin da ɓangaren lissafin yake buƙata shi ne kwamfuta da ilimin kwantam, wato fiziks na ƙananan abubuwa irin su atam da elektiron, don haka ɗalibin fiziks a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Jami'ar Jihar Gombe yana iya sa hannu a cikinsa.