Ginger Baker's Air Force

Ginger Baker's Air Force ƙungiyar makaɗa ce da aka kafa a Ingila a ƙarshen 1969, ta watse a farkon 1971. Wanda ya haɗa ta shi ne makaɗin ganga Ginger Baker, wanda ya riga ya yi suna a ƙungiyoyin Cream da Blind Faith. Kiɗanta gamin jaz ne da rok, sannan aka ɗora masa gangunan Afirka ta Yamma. Faifai biyu kacal ta fitar, duka a cikin 1970. Masu tarihin kiɗa sukan ɗauke ta a matsayin matakin da Baker ya taka tsakanin rok ɗin Landan da zamansa na Legas.

Asali

An haifi Baker a Lewisham, kudancin Landan, ranar 19 ga Agusta 1939. Da jaz ya fara, kuma har ya mutu yana kiran kansa makaɗin jaz, ko da yake rok ne ya ba shi suna da kuɗi. Wanda ya fi tasiri a kansa shi ne Phil Seamen, fitaccen mai ganga a gidajen jaz na Landan. Baker ya sha ba da labarin yadda Seamen ya zaunar da shi a ɗakinsa ya sa masa faya-fayen kiɗan gangunan Afirka, yana nuna masa yadda bugu biyu ko uku ke tafiya tare ba tare da ɗaya ya take ɗaya ba. Dukansu biyun sun daɗe suna fama da shan muguwar ƙwaya mai suna heroyin.

Daga wajen 1963 Baker ya yi aiki da Graham Bond, mai kaɗa ogan da busa saksofon, a ƙungiyar Graham Bond Organisation. A 1966 ya haɗu da Eric Clapton da Jack Bruce suka kafa Cream, wadda ta yi bankwana da masoyanta a zauren Royal Albert Hall a watan Nuwamba 1968. Blind Faith ta biyo baya da Clapton da Baker da Steve Winwood da Ric Grech. Ita ma ba ta shekara ba: ta fara wasa a filin Hyde Park ranar 7 ga Yuni 1969, ta zaga Amurka a bazarar, Clapton ya kama gabansa. Baker ya tattara waɗanda suka rage, ya kira tsoffin abokansa na jaz, aka shirya wasa biyu. Da farko niyyar ke nan, wasa biyu a tashi.

Makaɗan farko

Mutum goma ne suka hau dandamali. Ganguna a hannun mutum uku: Baker, da malaminsa Seamen, da Remi Kabaka ɗan Najeriya. Masu busa su ma uku ne: Bond, da Chris Wood na ƙungiyar Traffic, da Harold McNair ɗan Jamaika, wanda aka fi sani da sarewa. Winwood ya riƙe ogan yana kuma rera waƙa, Grech yana kan jitar bas da goge, Denny Laine, tsohon mawaƙin ƙungiyar Moody Blues, yana kan jita. Ta goman ita ce Jeanette Jacobs, mawaƙiya Ba'amurkiya daga ƙungiyar The Cake.

A wancan lokacin ƙungiyar rok ba ta cika wuce mutum huɗu ko biyar ba, mai ganga ɗaya a baya yana riƙe musu taku. Nan kuwa gangunan ne a gaba, sauran kayan kiɗa na biye da su.

Wasanni biyu na Janairu 1970

Wasan farko an yi shi ne a zauren Town Hall na Bamingham ranar 12 ga Janairu 1970, na biyun a Royal Albert Hall ranar 15 ga watan. An naɗi na biyun, aka fitar da shi a matsayin faifai mai tagwayen faranti a wajen watan Maris, da sunan ƙungiyar a kansa. Kamfanin Polydor ne ya fitar a Birtaniya, Atco a Amurka, kuma Jimmy Miller na cikin waɗanda suka tsara shi.

Kiɗa takwas ne a ciki, yawancinsu dogaye. Akwai "Toad", wanda Baker ya zo da shi daga Cream, inda a wannan karon shi da Seamen da Kabaka suke miƙa wa juna bugu. Akwai "Do What You Like" daga Blind Faith. Wanda ya fi nuna inda zuciyar Baker ta karkata shi ne "Aiko Biaye", na Kabaka da Teddy Osei ɗan Gana, jagoran ƙungiyar Osibisa: ya wuce minti goma, bugu ɗaya ne ake ta juyawa, masu busa suna shigowa da jimla guda suna maimaita ta, murya na kira ana amsawa. Mai kunnen kiɗan Afirka ta Yamma ba zai ji baƙon abu a tsarin ba, amma ga masu zuwa kallon rok a Landan sabon abu ne. Tsohuwar waƙar gargajiyar Amurka "Man of Constant Sorrow", da muryar Laine, ita aka ware aka fitar a ƙaramin faifai.

Faifan ya shiga cikin arba'in na sama a jadawalin ciniki na Birtaniya da na Amurka. Masu sharhi sun rabu a kansa: wasu sun yaba ƙarfin gangunan, wasu sun ce hayaniya ce da tsawaitawa, kuma naɗin sautin bai fita sosai ba.

Sauyin makaɗa da faifai na biyu

Da aka ga wasannin sun karɓu sai aka ce a ci gaba, daga nan matsala ta fara. Winwood da Wood sun koma suka farfaɗo da Traffic tun a farkon shekarar, daga baya Grech ya bi su. Alan White, wanda ya shiga ƙungiyar Yes a 1972, ya ɗan riƙe ganga na wani lokaci. Ciyar da mutum goma da ɗaukar kayansu daga gari zuwa gari kuɗi ne mai yawa, kuma da manyan sunayen suka janye, rangadin Amurka da aka shirya bai yiwu ba. Ƙungiyar ta tsaya a Birtaniya da ƙasashen Turai, har ta fito a shirin Beat-Club na talabijin ɗin Jamus.

Ginger Baker's Air Force 2 ya fito a ƙarshen 1970, an naɗe shi a sutudiyo. Bond na nan, tare da sabbin fuskoki irin su Kenny Craddock, Colin Gibson, Steve Gregory, Bud Beadle, Diane Stewart da Speedy Acquaye, mai ganga ɗan Gana. Jerin waƙoƙin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Bai yi kasuwa ba.

Watsewa

Daga cikin wasannin ƙarshe akwai wanda aka yi a zauren Lyceum na Landan a farkon 1971, inda Baker ya kara da Elvin Jones, tsohon mai gangar ƙungiyar fitaccen makaɗin jaz John Coltrane, a gasar bugu. Ba a jima ba ƙungiyar ta watse. McNair ya mutu a watan Maris na shekarar da ciwon dajin huhu, Seamen a Oktoba 1972, Bond kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ya take shi a tashar Finsbury Park a Mayu 1974.

Baker a Najeriya

Baker ya san Fela Kuti tun farkon shekarun 1960, lokacin da Fela ke karatu a Trinity College of Music a Landan. A 1971 suka naɗi faifai tare da Africa '70, ƙungiyar Fela. A shekarar ce kuma Baker ya tuƙo mota ƙirar Range Rover ta Aljeriya, ya ratsa Sahara zuwa Najeriya, tafiyar da Tony Palmer ya ɗauka a fim. Ya gina sutudiyon ARC a Ikeja, aka buɗe shi a wajen 1973. Ya kuma kafa wata ƙungiya mai suna Salt da matasan makaɗan Legas, cikinsu har da Lijadu Sisters da wasu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar BLO daga baya. Laine ma ya zo Legas a 1973 tare da Paul McCartney a ƙungiyarsu ta Wings, kuma an naɗi waƙa ɗaya ta faifansu Band on the Run a ARC, yawancin sauran a sutudiyon EMI na Legas.

Yunƙurin farfaɗowa

A 2015 aka sanar da Air Force 3, da sabbin makaɗa. Sun yi wasa a Landan a farkon 2016, sannan aka soke rangadin saboda ciwon zuciya da ya kama Baker. Ya mutu ranar 6 ga Oktoba 2019 yana da shekara 80.