Tsibirin Spectacle a wasan Fallout 4

Tsibirin Spectacle wuri ne a cikin Fallout 4, wasan bidiyo da kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar ranar 10 ga Nuwamba, 2015. Labarin wasan ƙagagge ne. An yi yaƙin nukiliya ranar 23 ga Oktoba, 2077, wanda ya tashi duniya daga aiki, sai a shekarar 2287 ɗan wasa ya fito daga wata maɓoya ta ƙarƙashin ƙasa ya tarar Boston da garuruwan da ke kewaye da ita sun zama kufai. Akwai wurare kimanin 30 da wasan ya ba shi damar rayawa domin mutane su sake zama, kuma a cikinsu babu wanda ya kai wannan tsibiri faɗin filin gini. Shi ya sa masu sha'awar gini suka ɗauke shi tamkar filin gwaji, kowa da irin garin da yake kafawa a kai. Sai dai faɗin filin yana da ruɗi, domin dokokin wasan ne ke tsara garin, kuma dokokin ƙauye ne, ba na birni ba.

Tsibirin na gaske

Ba Bethesda ce ta ƙirƙiri tsibirin ba. Yana nan a mashigin tekun Boston, a jihar Massachusetts, kimanin kilomita 6 daga tsakiyar gari. Tuddai biyu ne da siririn yashi ya haɗa, abin da ya sa Turawan da suka zauna yankin a ƙarni na 17 suka ga ya yi kama da tabarau, suka raɗa masa sunan. A 1717 aka mai da shi wurin killace masu cututtuka masu yaɗuwa irin su agana, kafin a mayar da wannan aiki tsibirin Rainsford a 1737. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi otal biyu a wurin, hukuma ta rufe su saboda caca. Daga 1857 kuma aka buɗe masana'antar da ake kai mushen dawakan Boston ana narkawa, ana fitar da kitse da fata da taki.

Bayan dawakai sai shara. Tsibirin ya zama jujin birnin har zuwa 1959, kuma ko bayan an daina zubawa, wuta ta yi shekaru tana ci a ƙarƙashin bolar, ruwan ƙazanta yana tsiyaya cikin teku. Gyaransa ya zo ne ta hanyar wani aikin dabam. Da aka fara tona ramukan babbar hanyar da ta bi ta ƙarƙashin Boston, aikin da aka sani da Big Dig, sai aka riƙa lodin ƙasa da yumɓun da aka haƙo ana kai su tsibirin tun daga 1992. Da su aka binne jujin, aka zuba ƙasar noma a sama, aka dasa itatuwa. A 2006 aka buɗe shi ga jama'a a matsayin wurin shaƙatawa mai faɗin sama da hekta 40, tudunsa na arewa ya kai kusan mita 48, ya zama wuri mafi tsawo a mashigin. Wasan bai kwaikwayi wannan lambu ba. Suna da matsayi a taswira kawai ya ara, sauran nasa ne.

Yadda ɗan wasa ke samunsa

A taswirar wasan tsibirin yana can kudu maso gabas, ruwa ya raba shi da The Castle, tsohuwar ganuwar da dakarun sa-kai na Minutemen ke mayarwa hedikwata. Babu gada, kuma a wasan ba a tuƙa jirgin ruwa. Ko dai mutum ya yi iyo yana kwasar gubar nukiliyar da ke cikin ruwan, ko ya sa sulken ƙarfe mai inji ya taka a ƙasan teku har ya ɓullo a gaɓa, ko kuma ya jira labarin ya yi nisa ya samu jirgin sama mai saukar ungulu.

Wanda ya iso zai tarar da rusasshen babban gida, da 'yan rumfunan katako, da matsayar jiragen ruwa da ta ruɓe, da ƙasusuwan mutanen da suka taɓa gwada zama. A kan tudu akwai rumfar da teburin aiki yake, wato teburin da ke ba ɗan wasa damar yin gini a wurin, kusa da ita kuma dogon ƙarfe ɗauke da lasifika. Daga nan waya ta bi kan falwaya ta gangara zuwa wani jirgin ruwa da ya kafe a gefen kudu. Wannan waya ita ce labarin mazaunan farko a taƙaice: sun haɗa jiniyar da ƙararta ke korar dodannin ruwa, amma ba su ci moriyarta ba. Dodannin su ne mirelurk, wasu ƙaguwoyi da guba ta mayar ƙatti, da uwarsu wadda ta fi ɗaki girma kuma take fesa ruwa mai ƙona jiki. Teburin aiki ba ya buɗewa sai an shiga jirgin an ɗaga makunnin wuta, kuma a nan ne ake yin ta, domin dodannin fitowa suke daga ruwa. Sai an kashe su ko ƙarar ta kore su sannan tsibirin ya zama na ɗan wasa. A cikin jirgin nan ne kuma ake samun ɗan mutum-mutumi mai kaɗa kai da ke ƙara wa ɗan wasa makin sa'a, wanda shi kaɗai ke kawo wasu tsibirin ko da ba su da niyyar aza tubali.

Lissafin da ke ƙarƙashin tsarin

Kowane gari a Fallout 4 ana auna shi da abubuwa kaɗan: yawan mutane, abinci, ruwa, wuta, tsaro, gadaje da jin daɗin jama'a. Mutum ɗaya yana buƙatar ma'auni ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, da gado ɗaya, kuma gadon da ke ƙarƙashin rufi ya fi kwantar masa da hankali. Mutane ba sa zuwa haka kawai, sai an kafa eriyar rediyo mai kiran masu neman wurin zama. Iyakar waɗanda za su zo ita ce 10 a tara da makin farin jinin ɗan wasa. Tunda makin yakan tsaya a 10 idan ba an ƙara da tufafi ko magunguna ba, tsibiri mafi girma a wasan yakan ƙare da mutum 20 ko ɗan sama da haka, daidai da abin da ɗan ƙaramin lungu zai ɗauka.

A ɗauki mutum 20 ɗin. Bishiyar mutfruit tana ba da ma'auni ɗaya na abinci, masara da kankana da kabewa da karas da tato, wani haɗin tumatir da dankali, kowanne rabi yake bayarwa. Manomi ɗaya yana iya kula da ma'auni 6, saboda haka manoma huɗu sun isa su fitar da 24, a ci a bar saura. Ruwa kuwa nan ne tsibirin ya yi zarra. Tuƙa-tuƙa ma'auni 3 yake bayarwa ba tare da wuta ba, amma babban injin tace ruwa, wanda dole sai a cikin ruwa ake girka shi, yana ba da 40 da ma'aunin wuta 5 kacal. Gaɓar teku ta kewaye wurin ko'ina, don haka inji ɗaya ya wadatar da gari har biyu.

Wadatar tana da kuɗin fansa. Abin da 'yan wasa suka saba bi shi ne makin tsaro ya kai ko ya wuce jimillar abinci da ruwa, in ba haka ba mahara su riƙa kawo ziyara. Abinci 24 da ruwa 40 sun tashi 64, wato manyan bindigogin girke guda takwas masu maki 8 kowace. Wanda ya yi kwaɗayi ya jera injin tace ruwa biyar domin ya riƙa sayar da rarar yana tara murafen kwalba, waɗanda su ne kuɗi a wasan, ya jawo wa kansa buƙatar tsaro sama da 200. Mutane da yawa suna yin hakan da saninsu, don ruwa mai tsabta haja ce da ba ta kwantai. Akwai kuma wani dalili na noma da ya wuce ciki: masara uku, mutfruit uku, tato uku da ruwa ɗaya, idan aka dafa, suna ba da sitacin da ake samun gam biyar daga gare shi, kuma gam shi ne abin da ya fi ƙarewa mai gyaran makamai.

Inda ake ajiye komai

Daga wannan lissafi ne fasalin garin ke fitowa, kuma duk da bambancin ɗanɗano, yawancin gine-ginen da ake yi a tsibirin suna kama da juna a ƙashi. Tsakiya ita ce tudun da teburin aiki da jiniya suke. A nan ake yin ɗakunan kwana, da kasuwa, da ƙararrawar tara jama'a, da shimfiɗar da ɗan wasa ke sauka a kai idan ya yi tafiyar gaggawa ta taswira. Injinan ruwa suna bakin gaɓa mafi kusa, janareto kusa da su ko a bayan gari saboda ƙara, falwaya ta haɗa su. Gona tana buƙatar ƙasa, ba ta tsira a kan daɓen katako ko kankare sai an yi mata akwatin shuka, don haka ake bar mata gangaren da ke tsakanin gidaje da ruwa.

Babbar gardamar masu gini ita ce ta katanga. Wasu sukan so su kewaye gidaje da gonaki gaba ɗaya, irin yadda ganuwar Kano ta haɗa har da filayen noma a ciki don kada yunwa ta ci gari lokacin yaƙi. A tsibirin nan wannan dabara ba ta cika biyan wahalarta ba. Mahara a wasan suna da wuraren da suke ɓullowa, wasu lokuta a cikin iyakar filin ginin kanta, kuma katangar da za ta zagaye fili mai wannan faɗi za ta cinye kaso mai yawa na abin da aka yarje a gina. Masu wayo sukan lura da inda hari ke fitowa su girke bindigogi a kan dakali mai tsawo suna fuskantar wurin, su bar sauran a buɗe.

Akwai kuma matsalar mazaunan kansu. Ba su da basirar gane hanya, musamman a kan benaye da matattakalar da aka ɗora ba daidai ba. Idan aka watsa gari ko'ina a tsibirin, gona a arewa, gadaje a kudu, sai a ga mai shago tsaye cikin ciyawa da rana tsaka, shagonsa babu kowa, ko saniya mai kai biyu, irin wadda ake kiwo a wasan, ta hau rufin ɗaki ta yi tsaye. Garin da ya dunƙule wuri ɗaya ya fi aiki, ko da kuwa ya bar kashi mafi yawa na tsibirin babu komai sai itatuwa. Itatuwan ma ba asara ba ne, da su ake samun katakon ginin farko.

Rusasshen gidan da ke tsibirin yana cikin abubuwan da wasan bai yarda a rushe ko a gyara ba. Wasu sukan lulluɓe shi da sabon gini, wasu su toshe ramukan da katako su mai da shi mashaya ko asibiti. Shaguna irin waɗannan, da na tufafi da na kayan masarufi, su ne ke ɗaga jin daɗin jama'a, amma ba a buɗe su sai ɗan wasa ya kai mataki na biyu na baiwar shugabancin gari, wadda ke buƙatar farin jini 6.

Ma'aunin girma

A kusurwar allon gini akwai wani layi da ke cika a hankali yayin da ake ƙara kaya. Idan ya cika, gini ya tsaya. An sa shi ne domin kada kayan su fi ƙarfin na'urar da ake wasan a kai, kuma a Tsibirin Spectacle ne aka fi jin zafinsa, don mutum yakan cika layin alhali bai rufe ko kusurwa ɗaya ta filin ba. 'Yan wasa sun gano hanyar kaucewa: a zubar da bindigogi a ƙasa, a shiga allon gini a farfasa su ko a adana su, sai wasan ya ɗauka an rage kaya, layin ya ja baya. Dabarar tana aiki, amma wanda ya wuce gona da iri zai ga hoto yana sarƙewa, wani lokaci wasan ya mutu duk sanda ya doshi tsibirin.

Ƙarin fakitocin da Bethesda ta fitar a 2016 sun sauya fuskar gine-ginen. Wasteland Workshop ya kawo bangon kankare da janareto mai ba da wuta 100, wanda ya maye gurbin jerin ƙananan da ke ba da 3 ko 5 ko 10. A shekarar ne kuma aka buɗe wa masu Xbox One da PlayStation 4 ƙofar amfani da gyare-gyaren da 'yan wasa ke rubutawa da kansu. Ɗaya daga cikin fitattunsu, Sim Settlements, wanda ya fito a 2017, yana barin ɗan wasa ya yanka filaye kawai, na gida da na gona da na kasuwa, mazauna su gina da kansu. Fakitin Far Harbor kuma ya kai labarin wani tsibirin dabam a jihar Maine, inda abin da ke tsara wurin zama shi ne hazo mai guba da na'urorin da ke tsotse shi.

Sufuri

Tsibirin ba shi da wadatar jan ƙarfe da mai da sauran kayan da injina ke ci. Mafita ita ce a naɗa mutum ɗaya falke, ya riƙa zirga-zirga da saniyarsa tsakanin tsibirin da wani garin, yawanci The Castle ko gonar Warwick da ke gaɓar kudu. Da zarar an naɗa shi, kayan ginin wuraren biyu sun zama ɗaya nan take, ba sai ya iso ba, haka rarar abinci da ruwa. Wannan ma yana buƙatar matakin farko na baiwar shugabancin gari, kuma falken yana cikin adadin mazaunan garin da ya fito, don haka hannu ɗaya ya ragu a gona ko a bakin tsaro. A salon wasa mai tsanani da aka ƙara a 2016, inda aka hana tafiyar gaggawa kuma ba a adana wasa sai an kwanta barci, nisan tsibirin yakan sa mutane da yawa su kafa gado da injin ruwa kawai su yi gaba, su kai babban gininsu wani wuri da ƙafa ke iya kaiwa.