Sabbin daraktocin Cek a bukukuwan fim na waje: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa matashin darakta a Jamhuriyar Cek yake kai fim ɗinsa waje tun kafin a gan shi a gida?

Ƙasar ba ta kai mutum miliyan 11 ba, kuma ban da maƙwabtansu 'yan Sulobakiya ba kowa ke jin harshensu ba. Fim na farko, wanda ba shi da fitaccen jarumi, da wuya ya mayar da kuɗinsa a gidajen silima na Prag. Amma idan aka zaɓe shi a bikin fim na Berlin ko na Cannes, dillalan fim za su gan shi, a saya a sa masa fassara a ƙasan allo, 'yan jarida su yi rubutu. Asusun gwamnati da ke tallafa wa fim shi ma yakan fi sauraron wanda ya dawo da suna.

Daga ina waɗannan matasan ke fitowa?

Akasarinsu daga FAMU, makarantar fim ta Prag da aka kafa a 1946. Nan Miloš Forman da Věra Chytilová da Jiří Menzel suka yi karatu, su ne suka ja hankalin duniya a shekarun 1960, kafin tankokin Sobiyet su shigo a watan Agustan 1968 a danne harkar. Menzel ya ci Oscar a shekarar, shi kuwa Forman ya koma Amurka.

Wanne fim ne za a iya nunawa a ce ga misali?

Akwai Dcera, wato "'Ya", na Daria Kashcheeva, gajeren fim na 'yartsana da ta yi tana ɗaliba a FAMU, kan uba da 'yarsa da suka kasa faɗa wa juna abin da ke ransu. Ba a magana ko ɗaya a cikinsa. Ya ci kyauta a bikin Annecy na Faransa a 2019, ya shiga takarar Oscar a 2020. A Berlin kuma, a 2016, Tomáš Weinreb da Petr Kazda sun nuna fim ɗinsu na farko mai tsawo kan Olga Hepnarová, budurwar da ta afka wa masu jiran taragon cikin gari da babbar mota a Prag a 1973, ta kashe mutum 8, aka rataye ta a 1975. Baƙi da fari suka ɗauke shi, ba su wanke ta ba, ba su kuma mayar da ita dodo ba. A ganina wannan ƙarfin hali ne ya sa ake gayyatarsu.

To, da an ci kyauta a waje shi ke nan an haye?

A'a, kuma wannan ne ya fi damuna. Zuzana Kirchnerová ta zo ta ɗaya a gasar ɗalibai ta Cannes a 2009 da gajeren fim ɗinta Bába, kan yarinya mai jinyar kakarta. Kowa zai ɗauka hanya ta buɗe mata. Sai a 2025 fim ɗinta na farko mai tsawo, Karavan, ya isa Cannes, shekara 16 tsakani. Labarin uwa ne da ɗanta mai buƙata ta musamman suna yawo a mota a Italiya, kuma daga rayuwarta da ɗanta ta ɗebo shi. Sai da aka haɗa kuɗi daga Cek da Sulobakiya da Italiya kafin a kammala. Biki yana ba da suna, amma neman jari aiki ne na daban mai cin shekaru, kuma abin takaici ne mai irin wannan baiwa ta daɗe haka tana jira.

A ina mutum zai iya ganinsu?

A Landan akwai bikin Made in Prague da Cibiyar Al'adun Cek ke shiryawa, a Amurka kuma Czech That Film na zagaya birane. A gida akwai bikin fim na garin Karlovy Vary duk bazara, inda baƙi daga waje ke zuwa zaɓen abin da za su kai ƙasashensu.